Ƙofar da Baba Chuwang Ya Bari a Shinge

Ranar Talata, 3 ga Yuni, 2025, ina wurin aiki a asibiti aka kira ni cewa maƙwabcina a garin Laurel, nan ƙasar waje, Baba Chuwang, ya rasu. Allah ne Ya ba mu shi, kuma Ya karɓi abinSa.

Baba, yau mako uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito, in tsaya gaban shingenka.

Kai ka dasa shi tsakanin gidajenmu, da itacen nan mai ƙananan ganye da ake kira firibet. Ka ce a ƙauyenku na Filato da ƙyarana ake kewaye gida, a nan kuwa babu ita, to wannan ma ya wadatar. Maƙwabta suna aske nasu ya miƙe ɗoɗar. Kai kuwa, da mahaifiyata ta zo zama da ni, ba ta jin Turanci, tana wuni ita kaɗai, sai ka ɗauki almakashi ka yanke ƙofa a tsakiyar naka.

Na ce, "Baba, ka ɓata shingen."

Ka ce, "Rachel, 'yata, shingen da ba ƙofa ai na abokan gaba ne."

Shekara shida Mama tana bi ta nan zuwa wurin matarka, Mama Constance, su yi ta hira da tsinkar alayyafo. Duk Asabar kana gyara ƙofar, domin firibet ba ya jiran kowa.

Ga shi bai jira ba. Ya yi farin fure, rassan sun haɗe, ƙofar ta toshe. Mama Constance ta daina fitowa, Mama kuma ƙafarta ba za ta iya zagayawa ta titi ba. Tsofaffi biyu, taku goma tsakaninsu, kowacce tana kuka ita kaɗai. Wallahi na ji tsoro, Baba.

Jiya na ari almakashinka. Ban iya ba, na yanka a karkace, da ka gani da ka yi mini dariya. Amma da yamma na hangi Mama ta sunkuya ta wuce da kwanon kunu a hannu.

Allah Ya jiƙanka, Ya ba ka hutu. Allah Ya ta'azantar da Mama Constance da 'ya'yanku, Raymond da Becky. Almakashin yana wurina, Baba. Asabar mai zuwa zan sake fita.