Da Wane Harshe Ta Faɗi Jarrabawa?

Ina koyarwa a wata firamare kusa da Gulma aka kira mu taron bita a Birnin Kebbi. Wani jami'i ya tsaya gabanmu ya ce gwamnati ta gano yaro ya fi fahimtar karatu da harshen da ya sha a nono, saboda haka daga yanzu lissafi da kimiyya duk da Hausa za a koyar. Da Turanci ya faɗa mana wannan, mu kuma muka tafa masa.

Na koma ina gunaguni, don ko littafi ɗaya ba a ba mu ba. Sai ga shi abin ya ba ni kunya. Akwai wata yarinya a ajina, 'yar wani manomin albasa, wadda na daɗe da yanke wa hukuncin daƙiƙanci. Ranar da na fara yin lissafin rabo da Hausa, kafin in rufe baki ta ba ni amsa. Daga nan ta hana ni sakat. Me ya sa ruwan rijiyar fadama yake ja da baya da rani? Ina gishiri yake zuwa idan ya narke? Wani lokacin sai in ce mata lokaci ya ƙure, alhali amsar ce ba ni da ita. Ni da kaina na je na gaya wa mahaifinta cewa makarantar kimiyya ta 'yan mata ce ta dace da ita, in dai ta ci jarrabawar shiga.

Ranar jarrabawa na kai ta Argungu tare da sauran 'yan ajina. Da aka raba takardu na leƙa ta taga. Turanci ne tun daga sama har ƙasa. Na samu mai sa ido na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuskure anka yi ba?"

Ya ce, "Mallam, ni rabawa anka ce in yi."

Da yarinyar ta fito ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Mallam, na ga lambobin, amma ban san mi suka so in yi musu ba."

Ta faɗi, tare da kusan duk ajin.

Ba a jima ba aka sake kiran mu Birnin Kebbi. Wannan karon aka ce sakamako ya nuna koyarwa da Hausa ce ta kashe yara, a koma Turanci. Muka sake tafawa, har da ni, Allah ya sani ban san abin da nake tafa wa ba. A mota na yi ta juya maganar. Wataƙila suna da gaskiya, tunda can gaba ba mai yi wa yarinyar Hausa. To amma da Turancin nan na koyar da ita a baya, kuma ko uffan ba ta cewa. Jarrabawar ita ta auna, ko ni, ko su? Har muka iso ban raba gardamar ba, sai haushi.

Mahaifinta ya same ni a gindin darbejiyar makaranta, ko daga kan babur bai sauka ba.

"Mallam, kai kac ce ɗiyata ta hi kowa kai. Su kuma sun ce ba ta san komi ba. Wa za ni ji?"

Na roƙe shi ya bar ta ta maimaita shekara, zan dage mata da Turanci. Ya ce uwarta na buƙatar hannu wajen sana'ar gumin shinkafa, amma zai iya haƙuri.

"Sai dai ka rantse min, in ta koyi wanga, baɗi ba su sake canza shi."

Ya jira. Mutumin kirki ne, ya jira sosai. Ni kuwa na kasa rantsewa.

Da aka dawo hutu, yarinyar ba ta dawo ba.