Barira Mai Ɗanɗanon Tsami

A Malbaza, duk matar da ta jiƙa tsamiya ko zoɓo don sayarwa takan aika wa Barira ludayi guda kafin ta fita da shi. An fi shekara talatin ana haka. Saboda harshenta ta bar goro tun tana amarya, shayi ma sai ya huce take sha. Takan kurkure baki da ruwan randa, ta kurɓa kaɗan, ta riƙe, idonta a kan katanga, sannan ta yanke: wannan tsaminsa yana kama haƙori, a ƙara ruwa, wannan sukari ya danne shi, wannan kuwa ya fara juyawa, a zubar, ya kama hanyar giya.

Wani azumi da ya faɗo cikin zafin bazara, Rumaisa, ɗiyar ƙanenta, ta samu wuri a ƙofar kamfanin siminti, inda direbobi ke buɗa baki. Nunu ta jiƙa, 'ya'yan ɗanya daga Bazaga, jarka biyu, ta bar su a rufe tun jiya. In ta kai wanda ya juya a ranar farko, wurin ya tafi ke nan. Da la'asar ta shigo da su a amalanke.

"Gwaggo, ki ɗan lasa ki tofar mana, don Allah!"

"Ke, azumina kika so ki kai ƙofar kamfani? Juye min cikin tulu."

Rumaisa ta juye, kowace jarka da tulunta. Barira ta kori akuya, ta sa aka kashe rediyo, ta durƙusa da ƙyar ta ɗora kunne a bakin na farko. Yana wata raɗa siririya, kamar yayyafin fari a kan yashi mai zafi.

"Wanga ya fara magana. Ya juya, ki ba bishiya ta sha."

Na biyu shiru, sai ƙamshin daji. Ta daɗe a kansa.

"Wanga kwance yake. Ɗibar min ludayi guda, ki tafi."

Da aka kira magariba ta ci dabino, ta kurkure baki, ta kurɓa. Tsamin ya taɓa harshe ya wuce, ya bar sanyi a maƙogwaro. Tana nan zaune a tabarma Rumaisa ta dawo, jarka na rawa a hannunta ba ko ɗigo.

"Sun ce gobe in kawo biyu, Gwaggo!"

"To, madalla. Amma ki rage sukari, ɗiyata. Nunun ya yi ta neman magana, kin toshe masa baki."