Ruwan da na dafa wa Zuwaira

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ɗiyata Zuwaira, a nan Madarumfa, wata Talata da hantsi, kwana ashirin da shida bayan ta haihu. Ban yi karatun lakwal ba. Ƙanena Lawali ne ke riƙe da alƙalami don a kai wa jarida, na kuma gaya masa ya sa maganar yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya.

Duk shekarun nan, in an tambaye ni me ya kashe ta, cewa nake sanyin haihuwa ne. Haka na faɗa wa masu zuwa gaisuwa. Haka na faɗa wa Habsu, jaririyar da ta bari, wadda na raina har na aurar. Bana na daina faɗin haka.

A unguwarmu an san ni da wankan jego. In mace ta haihu, ni ake aikowa a kira. Ina dafa ruwa har ya tafasa da ganyen dogon yaro, in yi wa mai jego wanka safe da yamma har kwana arba'in. Ina dama kunun kanwa mai kauri, in tsaya a kanta sai ta shanye. Ina hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. Ba na sassauci, kuma saboda haka ake nemana. Abin da muka taso muka tarar shi ne, in sanyi ya shiga mai jego sai ta kumbura ta mutu, kuma zafi ne ke korarsa.

Cikin Zuwaira na fari yana wata bakwai numfashinta ya soma gajarta. Daga rijiya zuwa gida sai ta sauke tulu sau biyu. Mijinta Sani, masunci ne a tabki, ya kai ta asibiti a Maraɗi, na bi su. Lokotoro ya shafa mata wani abu a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ɗauki takarda ya zana mana. Ya ce a cikin zuciya akwai ƙofa mai ƙyaure biyu, kuma wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da ƙyauren don kada su buɗe ta baya. Ya ce zare ɗaya na Zuwaira ya tsinke, jini yana komawa inda ya fito. Ya ba da magani, ya ce ban da gishiri, ban da kanwa, ban da ruwan zafi. In ta haihu lafiya a kai ta Yamai a duba zancen aiki, kuma aikin sai an buɗe ƙirji.

Wannan na ƙarshen kaɗai na riƙe. A mota na ce ba wanda zai tsaga mini ɗiya kamar ragon layya. Sani ya sunkuyar da kai. Suruki ba ya musu da uwar matarsa.

Ta haihu a ƙarshen bazara, aka kawo ta gidana wanka. Kwana uku da zuwanta Sani ya aiko Lawali da saƙo, tunda shi ba ya iya tsayawa gabana.

"Yaya, ya ce a tuna miki lokotoro ya hana kanwa."

Na ce, "Ka koma ka gaya masa lokotoro bai taɓa haihuwa ba."

Bayan suna ƙafafunta suka kumbura. In na danna da yatsa sai rami ya zauna. Na ce ga shi nan, sanyin da nake gudu ya shiga. Na ƙara itace, na ƙara kanwa. Ta daina iya kwanciya, sai ta jingina da bango. Sau ɗaya kawai ta yi magana, ina tsakiyar watsa mata ruwa.

"Inna, ruwan ga ya yi zafi. Numfashina na ɗaukewa."

"Daure. Ni ma haka aka yi mini."

Ta daure. Zuwaira ba ta taɓa ce mini a'a ba tun tana yarinya, ina kuwa alfahari da hakan a gaban mata. Ranar Talatar na gama mata wankan safe, na zaunar da ita bakin ƙofa. Ta ce a miƙo mata jaririya. Kafin in fito da ita daga ɗaki, Zuwaira ta yi tari, kumfa ta fito mata a baki. Ba ta kai ga karɓar ɗiyar ba. Ban yi kuka ba. Na je na kashe wutar murhu, na kife tukunya, na aika a kira maza.

Bana Habsu ta ɗauki ciki. Da ungozomar asibiti ta ji yadda uwarta ta rasu, sai ta tura ta wajen lokotoron zuciya a Maraɗi. Ni na raka ta. Wani ne daban, ba na da ba, mai furfura kaɗan a gemu. Ya duba ta, ya ce ƙofarta tana yoyo ɗan kaɗan, ba abin tayar da hankali ba ne, amma a kiyaye. Ya lissafa abubuwa ukun nan da na taɓa ji. Da Habsu ta fita karɓar magani, na zauna ban tashi ba. Na tambaye shi ko har yanzu sai an tsaga mutum kafin a ɗaura zaren da ya tsinke.

Ya dube ni, ya juyo da allonsa. Ya ce a wasu ƙasashe masu nisa an soma gwada wata hanya. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar cinya, ya bi hanyar jini har cikin zuciya. A cikin tiyon akwai zaren da mutum ya ƙera. A kafa kai ɗaya a bakin ƙyauren, ɗayan a jikin naman zuciya, a ja a hankali ana kallo a allo har ƙofar ta rufe daidai. Zuciyar tana bugawa ake yin duk wannan, ba a tsayar da ita. Na ga hoton yana motsi, zaren fari, bai kai kaurin na ɗinkin hula ba. Ya ce abin sabo ne, bai iso nan ba, kuma ba kowane mai ciwon ya dace da shi ba.

Na ce, "Da akwai shi a lokacin, da ta rayu?"

"Hajiya, ban gan ta ba. Ba zan iya ce miki i ko a'a ba."

"To kanwa fa, da ruwan zafi?"

Ya ce zuciyar da ke fama, kanwa tana tara mata ruwa, zafi yana ƙara mata gudu. Ya ce kumburin da muke kira sanyi, ruwa ne da zuciya ta kasa turawa. Na ce na gode. Na ɗauki mayafina na fito. A hanya ina kallon gonaki ta taga, ban ji komai ba. Har yau da nake wannan magana, abin da nake ji kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne.

Nakan yi tunanin abin da Zuwaira za ta ce da ta ga hoton nan. Mai saƙa ce, kwarashi ba ya barin hannunta, kuma ba ta yarda da ƙullin kowa sai ta ja shi da haƙori ta gani. Na san ba za ta yi mamaki irin namu ba. Tambaya za ta yi: wa ke ƙulla shi a can ciki, kuma in ya saki wa zai sani? Za ta kuma yi dariya in ta ji har yanzu mata na zuwa ƙofata neman wanka, alhali kowacce tana da waya a hannu. Abin da za ta ce game da ni, shi ne ban sani ba. Ba ta saba faɗa ba.

Habsu ta haihu kwana goma sha ɗaya da suka wuce, namiji. Aka kawo ta gidana. Gwaggonninta suka turo amalanken itace, aka jibge a tsakar gida. Washegari da safe ta fito da zanen wanka tana tsokanata kamar kullum.

"Tsohuwa, ko ƙarfin ya ƙare ne? Ki tafasa shi sosai, ni ba na son sanyin da ya ɗauke Innata ya same ni."

Ta ji maganar lokotoro da kunnenta, amma tawa ta fi yarda da ita, don shekara ashirin da biyu tana jin ta. Na ga in na yi shiru, ko na hana ta a nan, za ta sa a dafa mata a wani gidan. Na ce ta zauna. Na gaya mata zancen zaren, da saƙon ubanta, da amsar da na mayar, da abin da uwarta ta ce mini a wurin wanka. Lawali ya tambaye ni ko wannan ma a sa a jarida. Na ce ya sa. Akwai masu irin hannuna a kowane gari.

Habsu ba ta yi kuka ba, ita ma. Ta daɗe tana kallon itacen, sannan ta ce, "Baba ya sani?" Na ce ya sani, bai taɓa faɗa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta sake ce mini tsohuwa ba. Kaka take cewa, da ladabi, kamar baƙuwa. Gwaggonninta suna ta magana a gari wai na tsufa na lalace, zan kashe musu ɗiya da ruwan ɗumi.

In na auna abin da ya rage na Zuwaira, ba shi da yawa. Ba hoto. Kabarinta ya baje, Sani kaɗai ke gane wurin. Wai ana cewa Habsu ta ɗauko goshinta, ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne bambancinsu. Kullum da safe ina haɗa ruwan wanka in ajiye, Habsu ta fito, ba ta dube ni ba, ta tsoma hannunta har gwiwar hannu ta auna da kanta. Yau ta ce, "Kaka, ya yi zafi. Ƙara na sanyi."

Na ɗauko tulu na ƙara.