Nisan da Baba Ya Sani

Ƙanwar mijina tikitin jirgin sama take sayarwa, a wani ɗan ofis mai ƙofar gilashi da taswira a bango. Ka ambaci garuruwa biyu, kafin ka rufe baki ta gaya maka nisan da ke tsakaninsu da lokacin da jirgi zai ci. A wurinta babu gari mai nisa. Tsakanin birnin da take aure da namu kuwa, cewa take yi, "Awa ɗaya ce fa, ko shayi ba ka gama sha ba an sauka." Har yaran gidanmu suka laƙaba mata Gwaggo Awa Ɗaya.

Awa ɗayar nan sai da ta ci shekaru.

Ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhakinta. Tana kira, tana aiko da magani. Kusancin ne ya cuce ta, don kullum gani take gobe ma za ta iya zuwa. Yau matafiya sun yi yawa, gobe abokiyar aikinta ta tafi hutu, jibi ga goyo.

Surukina kuwa tsohon direban babbar mota ne, bai taɓa taka jirgi ba. Hanyar da ya sani mai ramuka ce, wadda ake kwana a cikinta. Zancen awa ɗaya dariya yake ba shi, ya ce zaƙin bakin masu talla ne. Da idonsa ya fara dushewa, likita ya ce ba zai dawo ba, burinsa ɗaya ne: ya ga fuskar jikar da 'yar tasa ta haifa masa kafin hasken ya ƙare.

Na kira ta har na gaji. "Ki zo fa, idon Baba tafiya yake yi."

"Anti, ƙarshen wata in sha Allah. Ai ba nisa."

Ranar da ta iso da hantsi, na riga na tanadi maganganun da zan yaɓa mata, har da na ƙari. Baba yana kan kujerarsa a baranda, rediyo a gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora masa yarinyar a cinya. Sai ya ɗaga hannu yana lalube, ya bi goshi, ya bi kumatu, ya tsaya a kunne.

"Goshin kakarta ne," in ji shi. Ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye. "Fara ce, ko ni ta biyo?"

Ƙanwar mijina ta dube ni, na kau da kai. Wallahi sai tausayinta ya kama ni, na watsar da maganganun da na tanada.

"Sannu, uwata," ya ce wa 'yar tasa. "Kullum ina gaya musu kar su ga laifinki. Ni na san hanyar nan, na bi ta har bayana ya ƙage. Ba a ɗauko mai goyo a kanta da garaje. Kun sha wuya ko?"

Yarinyar tana riƙe da biskit ɗin da aka ba ta a jirgi, ko rabinsa ba ta ci ba. Uwar ta zura masa ido, hawaye na ɗiga a kan mayafinta. Ita da ba a taɓa tambayarta nisan gari ta yi jinkiri ba, yau sai da ta share fuska da mayafin kafin ta amsa.

"Da nisa, Baba," ta ce. "Da nisa ƙwarai."

Ya gyaɗa kai, ya ce mini, "Kin ji ko?"