Rumfar Gyartai ta Bakin Rafi

A shekarun da aka samu mulkin kai ina cin kasuwa da jaki, gishiri da kanwa nake sayarwa, yau ina Dutsin-Ma, jibi ina Kurfi. Ban daɗe da aure ba, ƙafata kuma ba ta san gajiya ba. A kasuwannin nan biyu akwai wani tsoho gyartai, mai ɗinke fasassun ƙore, wanda duk sammakona sai in tarar ya riga ni shimfiɗa buzu. Siriri ne, mai tsabta, ga tsokana. In mace ta kawo masa ƙwarya a tsage, sai ya jujjuya ta, ya tambaya ko da ita aka raba faɗa a gida. Fulani masu tallan nono sun fi kowa shan tsiyarsa, sun kuma fi kowa son sa, don ɗinkinsa ba ya yoyo.

Mutanen Dutsin-Ma gyartan Kurfi suke ce masa. Mutanen Kurfi kuwa suna kiran sa gyartan Dutsin-Ma. In kasuwa ta watse sai ya naɗe buzunsa, ya rataya burgame, ya kama hanya, kowa ya ɗauka gida ya nufa. A wajenmu ba a tambayar dattijo inda yake kwana, rashin kunya ne. Ka ba shi fura, ka ba shi goro, amma ba ka tona shi. Da wannan alkunyar tamu muka bar bawan Allah a daji shekara da shekaru, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ke riƙe da shi.

Wata rana farkon damina hadari ya taso mini a hanya, ni ko ga gishiri a bayan jaki. Na kora shi da gudu zuwa wata ƙatuwar kuka mai kogo da ke kusa da rafin da ya raba ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi. Ina kutsa kai sai na tarar da gyartai a ciki, ya takure, ruwa na ɗigar masa a kafaɗa. Ya yi dariya ya ce shi ma fakewa ya yi. Amma ga murhu, ga 'yar tukunya, ga tabarmar da gara ta ci gefenta, bangon kogon kuma ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin da ba na bana ba. Ya ga na gani.

"Ɗana," in ji shi, "abin da ido ya gani, ba dole baki ya hwaɗa ba."

Sai daga baya na tsinci labarin kaɗan-kaɗan. Gobara ce ta cinye gidansa a wani ƙauye mai nisa, matarsa ta rasu bayan nan, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya ƙi zama a ci gaba da nuna shi ana tausayi, ya shiga bin kasuwanni.

Na so in yi shiru kamar yadda ya roƙa, amma tarin da na ji yana yi a kogon ya hana ni sakat. Da na gaya wa matata, ta ce in ban je wa dagaci ba ita za ta je, in ya so a ce ta fi ni zuciya. Na je. Dagacinmu na wajen Dabawa ya saurare ni, ya ce ai shi a saninsa gyartan nan mutumin Kurfi ne. Duk da haka ya sa aka ɗaura wa dokinsa sirdi, ya aika wa dagacin ƙetaren rafi, wanda yake taubashinsa ne, cewa su haɗu a mashigi. Aka tafi da ni shaida.

Ban taɓa ganin gardamar da ta juya irin wannan ba. Da farko kowa yana tura wa ɗan'uwansa, namu yana cewa kukar a ƙasarku take, wancan yana cewa rassanta dai, saiwarta taku ce. Da na faɗi abin da na gani a kogon, sai magana ta juya. Sai ga shi kowa yana cewa shi zai ɗauka, don ba za a ji a duniya cewa tsoho ya yi damina a kogon itace a ƙasarsa ba. Tun da maganar ta shafi gundumomi biyu, kowa ya tura jakada wurin hakiminsa, amsa ta dawo iri ɗaya, a haɗa hannu a yi abin da ya dace.

To, ashe an yi ba tare da mai abu ba. Da aka yi masa tayin ɗaki a gidan dagacinmu, gyartai ya yi godiya, ya ce yana da wurinsa. Na ƙetare ya yi nasa tayin, haka. Kasuwar da ta zagayo ba a gan shi ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san irin su, in asiri ya tonu sai su ƙara gaba, ga damina ta kankama, ga ƙirji ba lafiya.

Dagacin ƙetare ne ya gano bakin zaren. Ya ce wa taubashinsa, "Mutumin ga bai iya amsa ba, badawa ya iya. To, mu daina yi mishi tayi, mu roƙe shi."

Aka samo shi yana haɗa 'yan komatsansa. Dagatai biyu, da rawunansu, suka durƙusa a gindin kuka suna kawo masa kuka. Wai matan ƙauyukan nan sun dame su, ƙwarya ta fashe sai an jira ranar kasuwa, ga aikin gona. Ko zai taimaka a yi masa 'yar rumfa a mashigi, inda na nan da na can za su riƙa samun sa? Tsohon nan ya ja musu rai yadda ya kamata. Ya ce shi fa yana da harkoki, amma tun da manya sun sa baki, zai duba. Ya kafa sharaɗi kuma, ƙofa ta dubi hanya.

Aka yi gayya, ana tsakiyar noma. Mu muka kawo itace da zana, muka yi yaɓe. Mutanen Kurfi suka ɗauki jinka, kowane gida ya zaro dami daga ciyawar da ya tanada don nasa ɗakin. A can suka ɗaure ta a ƙasa, suka ɗauko ta a ka, suka ratso rafi da ita ruwa iya gwiwa, mai ganga na biye, har da waɗanda suka taso tun daga wajen Barkiya. Namu suna yi musu tsiya wai ta karkace, su suna cewa bangonmu ne ya sha kunu. Aka sa gadon kara, aka kafa randa, aka kewaye da danga. Duk wanda ya dubi abin ya san gida ne, amma ba wanda bakinsa ya kuskure, rumfa kowa yake cewa.

Ladan ɗinki kuwa ya koma tuwo. Yau daga wannan ƙetare, gobe daga wancan, mace ta zo da fasasshiyar ƙwarya a hannu, akushi a ka. Ƙoren ƙasar nan ba su taɓa fashewa kamar na wannan damina ba. Na kama matata da idona tana ƙwanƙwasa wata lafiyayya a gefen turmi, ta harare ni, na kau da kai.

Bayan ya tare aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa na nufi mashigi, zuciyata na ga jinkar nan, ko ta yi yoyo. Na tura ƙyauren danga na faɗa ciki kai tsaye, yadda na saba faɗo masa a kasuwa ba sallama, ina tambayar yadda ya kwana da ruwa. Sai ga shi ya fito, rigarsa a bushe ƙamas, ya haɗe rai.

"Kai, ɗan ga, haka aka koya maka? Koma waje ka yi sallama. Gidan mutane ne."

Na koma, na ja ƙyauren, na tsaya a bakin danga kamar baƙo. Na ce, "Salamu alaikum, Baba. Maigida na ciki?"

Har na fara tunanin ko bai ji ba. Can sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Sake hwaɗi, ɗana. Kunnen ya tsuhwa."

Kunnensa garau yake, na sani. Hawaye suka cika mini ido, na gyara murya, na sake yin sallamar da ƙarfi, yadda har na ƙetaren rafi za su ji.