Sallamar da Ta Rage a Kan Dutse

Mu mutanen karkarar Minjibir ba mu san dutse ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take, gona na bin gona, in ka hau kan rumbu ka gama ganin gari. Da irin wannan ƙafar na tafi Kamaru neman abinci da keken ɗinki, na yi shekaru a wani gari da ke gindin duwatsu.

Wani dattijo ne ya riƙe ni a can. Shi ya ba ni zaurensa na kafa keke, shi ya yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kusa kai ni, shi ya koya mini Fillanci yana dariyar bakina. Baba nake ce masa, kuma har zuciyata nake faɗa. Da tsufa ya kama shi sai ya koma ƙauyensu can saman dutse, inda waya ba ta shiga.

Ana nan sai Yayana ya kira ni daga gida. Za a raba gonar marigayi mahaifinmu kafin ruwa ya sauka. "Ranar Juma'a za a zauna," in ji shi. "In ba ka zo ba, kada ka ce an cuce ka." Mota kuwa ranar kasuwa kaɗai take barin garin, kuma kasuwa jibi ce. Na sayar da keke, na ɗaure kaya, na ba wani mai jaki saƙo ya gaya wa Baba zan koma gida. Amma saƙo ba sallama ba ne. A wurinmu ƙarami ne yake takawa ya durƙusa gaban babba, su yafi juna baki da baki.

Washegari na yi shiri irin na mai zuwa gaban manya: babbar riga mai sitati, hula, takalmin fata sau-ciki, ga rigar da na ɗinka wa Baba a hammata. Maƙwabta suka ce, "Bakano, ɗaurin aure za ka ko hawan dutse?" Na share su.

Tun rana ba ta yi zafi ba na gane sun fi ni gaskiya. Hanyar ba hanya ba ce, tsaga ce tsakanin duwatsu. Takalmin yana santsi, na cire shi na riƙe. Rigar tana harɗe ni, na naɗe ta a wuya. Wani wurin da rarrafe na wuce, ƙirjina na suka. Mata ɗauke da itace suka riƙa wuce ni suna yi mini sannu, irin sannun da ta fi zagi ciwo. Duk sanda na ce ga ƙarshe, sai wani dutsen ya leƙo ta bayan wannan. Ruwana ya ƙare, tafin ƙafata ya fashe, amma ban yi tunanin juyawa ba.

Bayan azahar na isa. Matar Baba, Inna, tana shanyar barkono a tsakar gida. Da ta gan ni sai ta dafe kai.

"Kai kuma me ya hawo da kai? Ai Babanka tun asuba ya sauka."

"Ya sauka ina, Inna?"

"Wurinka mana. A nan ba a barin baƙo ya tafi babu rakiya. Ya ce kuma ɗan Kano ba zai iya dutsen nan ba, gara shi ya je. Ta hanyar shanu ya bi saboda gwiwarsa."

Ban ma san akwai hanyar shanu ba. Na ajiye mata rigar da na ɗinka masa, na sha ruwa, na juya. Saukar ta fi hawan azaba. Na shiga gari ana kiran magariba, aka ce mini Baba ya wuni zaune a zaure yana jirana, da ya ji na hau sai ya ɗauki sandarsa ya koma ta inda ya zo.

Na kira Yaya na roƙe shi a ɗaga zaman da mako ɗaya. Ya ce, "Kai kaɗai ne mai uzuri? Mutane sun bar ayyukansu." Da safe na shiga mota ina kallon dutsen har ya ɓace, raina kamar ya fita.

Na iso gida ranar Alhamis, ƙafa a kumbure. Juma'a ta zo ta wuce ba a zauna ba, wai malamin da zai yi rabon ya yi tafiya. Ta gaba ma haka. Da na yi magana, Yaya ya ce, "Gona ai ba gudu za ta yi ba." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji ɗaci a bakina. Sai da gero ya kai gwiwa aka raba, na sami wani siririn yanki da ko jaki ba zai yi birgima a ciki ya sake ba.

A cikin yankin nake noma ranar da wani maƙwabcina na can ya kira ni ya ce Baba ya rasu, an binne shi a saman dutse. Na ajiye fartanya na tafi wurin Yaya, yana gyaran garma a gindin ɗorawa. Na gaya masa.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Wane ne shi ɗin ma?"