Kwalekwalen Modisaotsile a bakin Boteti

Ku ba ni amsa, masu karatu: mene ne ba ya cin ciyawa, ba ya ba da nono, yana shan kitse kamar amarya, amma shi ya riƙe garke guda a bakin kogi? Ku yi ta tunani, ni bari in yi kukana.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran taubashina, Modisaotsile Kgwarae, a gonarsa ta kiwo da ke kwarin kogin Boteti. Modisa, ka riga ni, alhali kullum ni ke riganka zuwa wurin tukunya.

Lokacin da kawuna, mahaifinka, ya sauka a kwarin nan, daga zakoki sai kadoji. Shanu suka ƙi shiga ruwa. Ya fafe itace ya yi kwalekwale, ya ɗora maruƙa a ciki ya tuƙa, iyayen suka biyo 'ya'yansu da iyo suna kuka. Haka aka kafa gonar Kgwarae. Kai ka gaje ta, kuma duk wanda saniyarsa ta mutu, kai ke ba shi aron wata ya riƙa tatsa. Nonon saniyarka 'ya'yana suka sha.

Sai kogin ya ƙafe shekara da shekaru. Maƙwabta suka sayar suka tafi. Kai kuwa ka haƙa rijiya a cikin yashi, ka kife kwalekwalen a inuwa, duk sanda aka yi yanka sai ka shafe shi da kitse don kada ya tsage.

Na ce, "Tsohon banza, a kan yashi za ka tuƙa shi? Kaji ma sun mai da shi akurki."

Ka ce, "Ranar da ruwa ya dawo, ke da iyo za ki tsallaka, kamar saniya."

Ruwan ya dawo. Ni ka fara tsallakarwa, kana ƙorafin nauyina har gaci.

Bana kogin ya sake ƙafewa. Masu gina masaukin 'yan yawon buɗe ido sun taya gonar, 'ya'yanka maza da ke birnin Gaborone kuma sun fara sauraro. Na zo jana'izarka da tsoron cewa kai da gonar za mu binne tare. Ana cikin kirɓa naman zaman makoki, sai na ga autarka Onalenna ta yanki kitsen saniyar da aka yanka, ta nufi inuwar nan, ta durƙusa tana shafawa. Yayanta Letsweletse ya daɗe yana kallonta, sannan ya tuɓe kwat ya ce, "Matsa, kin bar gefen nan." Daga ranar ba a sake maganar sayarwa ba.

Allah ya jiƙanka, Modisa, ya shayar da kai ruwan da ba ya ƙafewa. Allah ya ba matarka Mma Letsweletse, wato uwar Letsweletse, da yara haƙuri, ya albarkaci garken.

Amsar kuwa kwalekwale ne. Yana nan a kife, yana ƙyalli, yana jiran ruwa.